Kyamarar Tsaron Gida: Abin Da Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Fara Dubawa Kafin Ya Shiga Kasuwa

Kowace shekara idan Salla ta gabato, tashoshin mota na Agege da Mile 12 a Ikko, da na Ojoo a Badun, sukan cika maƙil da 'yan Arewa masu haramar tafiya gida. Kowannensu ya bar wani abu a baya: wannan ɗakin haya mai firiji da talabijin, wancan rumfar hatsi, wani kuma sito cike da kayan mutane da ya karɓa bashi. Abin da aka saba yi shi ne a ɗana kwaɗo biyu a ƙofa, a ba maƙwabci amana, a yi mako biyu ko wata guda ana tunanin abin da za a tarar.

A 'yan shekarun nan an sami ƙarin wata dabara, watau kyamarar tsaro. Da can sai a banki ko gidan manyan attajirai ake ganinta, amma yanzu ga ta nan jibge a kasuwar Alaba da ke Ojo da kuma Computer Village ta Ikeja, har da wadda ba ta kai kuɗin wayar hannu mai kyau ba. Mutane da yawa sun saya, kuma da yawa daga cikinsu sun yi da-na-sani, domin ranar da aka yi musu ɓarna suka buɗe na'urar suka tarar ko dai ba ta ɗauki kome ba saboda babu wuta, ko kuwa ta ɗauki ƙeyar wani mutum da hularsa daga nesa, hoton da ko uwar da ta haife shi ba za ta shaida shi ba.

Ba tsadar kaya ce ta raba wanda ya amfana da wanda ya yi hasara ba. Shiri ne. Mai kuɗi kaɗan da ya zauna ya yi lissafi ya sayi kyamara biyu ya fi wanda ya kwashi takwas don mai shago ya yi masa daɗin baki.

Ita wannan dabara ma asalinta ba daga attajirai ta fito ba. A shekarar 1966 wata baƙar fata ma'aikaciyar jinya a unguwar Queens ta birnin New York a Amurka, Marie Van Brittan Brown, ita da mijinta Albert suka nemi rajistar wata na'ura da suka ƙirƙiro, aka ba su a 1969. Matar takan kwana ita kaɗai a gida, 'yan sanda kuma ba su saurin zuwa unguwarsu. Sai suka haɗa kyamara guda ɗaya tak a jikin ƙofar shiga, da akwatin talabijin a ɗaki, da abin magana da wanda ke waje. Ƙofar suka tsare, ba gidan duka ba, kuma har yau nan ne ya kamata kowa ya fara.

A ZAGAYA GIDA TUKUNA

Kafin a taɓa ko kwabo, sai maigida ya ɗauki takarda da biro ya zagaya gidansa ko shagonsa sau biyu, sau ɗaya da rana, sau ɗaya bayan sallar isha'i. Tambayar da zai riƙa yi wa kansa ita ce: in shi ne ɓarawon, ta ina zai shigo, ta ina kuma zai fita da kaya? A yawancin gidajen haya na Ikko amsar ba ta wuce wuri biyu ko uku: ƙofar waje, lungun baya inda katanga ta yi gajarta, da wurin da ake ajiye babur ko janareta. A shagunan kasuwa kuwa kada a manta da sama, domin sau da yawa ba a taɓa kwaɗo, kwanon rufi ake ɗagawa a sauko ta silin.

Daga nan sai a san abin da ake so kowace kyamara ta yi. Akwai bambanci tsakanin a ga cewa mutum ya wuce da a gane ko wane ne. Masana wannan sana'a suna da ma'auni: kafin a iya shaida fuskar baƙo, ana bukatar ɗigon hoto kamar 250 a kan kowace mita ta faɗin wurin da ake kallo. Kyamarar da aka fi sayarwa, wadda ake kira 1080p ko mai megafiksel 2, ɗigo 1,920 gare ta a kwance. In aka raba, za a ga faɗin da za ta iya riƙewa da kyau bai kai mita 8 ba. Saboda haka mai gilashi na milimita 2.8, wadda ke buɗe ido ta kwashe tsakar gida baki ɗaya, ba ta shaida fuska sai mutum ya matso kamar mita 3 zuwa 4. Mai milimita 6 ba ta ganin gefe sosai, amma takan kamo fuska daga wajen mita 7. Mai shago zai nuna wa mutum mai faɗin ne, don ita ta fi ban sha'awa a allo. Amma a bakin ƙofa fuska ake nema, ba kyan tsakar gida ba.

Tsayi ma haka. Masu haɗawa sun fi son su kai ta can ƙarƙashin rufi don kada a sace, sai ta koma ɗaukar tsakiyar kai. Abin da ya fi shi ne tsakanin mita 2 da rabi zuwa 3, inda hannu ba ya kaiwa sai da tsani amma fuska tana fitowa. Kada kuma a fuskantar da ita gabas ko yamma kai tsaye, ko a sa ta tana kallon ƙwan fitila, domin haske yakan makantar da ita kamar yadda yake yi wa ɗan Adam. Da dare jan hasken nan nata yana nuna mutum ne fari da baƙi, ba a sanin launin riga. Ƙwan lantarki ɗaya mai sola a saman ƙofa, yana haska mai shigowa, ya fi ƙarin dubban Naira a kan kyamara mai tsada.

IRI UKU NE A KASUWA

Na farko ita ce ƙaramar da ake jonawa a soket, a sa mata katin memori, ta yi magana da wayar hannu ta Wi-Fi. Ita ce mafi araha, kuma ita ta dace da mai ɗaki ɗaya ko biyu, domin ba a fasa bango, ranar tashi kuma a cire ta a sa a aljihu. Na biyu ita ce mai faifan sola da batir a jikinta, wadda ake sa wa layin waya irin na MTN ko Airtel ko Glo. Wannan ta fi amfani a inda babu wuta sam, kamar kara ta dabbobi ko filin da ake gini. Sai dai yawancinsu barci suke yi don tattalin batir, sai sun ji motsi su farka, wani lokaci kafin su farka mai sauri ya wuce. Ga kuma hadarin Yuni da Yuli a Ikko da Fatakwal, inda akan yi kwanaki ba a ga rana sosai ba.

Na uku shi ne cikakken saiti: kyamarori huɗu ko takwas da aka ja musu kebur zuwa wani akwati mai naɗe hotuna, wanda ake kira DVR ko NVR. Shi ya fi aminci, domin ba ya bukatar intanet kafin ya yi aiki, amma yana son wanda gidan nasa ne ko ya daɗe a shagonsa. Dabarar mai ƙaramin ƙarfi a nan ita ce ya sayi akwati mai ƙofa huɗu ya fara da kyamara biyu, in hali ya samu ya ƙara sauran.

WUTA ITA CE MAGANAR

A nan ne yawancin mutane suke faɗuwa. Kyamara ba ta san uzuri ba. Da an ɗauke wuta ta mutu, ɓarawo kuwa ya fi kowa sanin lokacin da unguwa take duhu. Hukumar NERC ta kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana har zuwa rukunin E mai awa 4. Kowa ya duba takardar kuɗin wutarsa ya ga inda yake, sa'an nan ya tuna cewa alkawari daban, cikawa daban.

Lissafin ba shi da wuya. Kyamara ɗaya takan ci wat 4 zuwa 6 da dare, akwatin naɗi da faifansa kuma kamar wat 15. Saiti mai kyamara huɗu ke nan yana shan wajen wat 40, watau kusan yunit 29 na mita a wata in yana aiki dare da rana. Wannan ba shi da yawa. Matsalar ita ce abin da zai riƙe shi idan wuta ta tafi. Ƙaramin UPS irin na kwamfuta, wanda masu shago suka fi haɗa wa mutane, awa ɗaya ko biyu yake yi ya fara kuka. Babban batir mai bolt 12 da amfiya 100, in an sha rabinsa kawai kamar yadda ya kamata don kada ya lalace da wuri, zai riƙe saitin awa 12 zuwa 15. Wanda wutarsu ke yin kwana biyu ba ta dawo ba, tilas ya haɗa da faifan sola.

Mai ƙaramar kyamarar Wi-Fi ya fi samun sauƙi. Fawabank mai lamba 20,000 zai iya riƙe ta fiye da rabin yini. Amma a gwada shi tukuna, domin wasu sukan yanke wuta na ɗan lokaci duk sa'ad da NEPA ta kawo ko ta ɗauke, wasu ma ba su komawa aiki sai an danna maɓalli, ga shi mai dannawa yana Sakkwato. Kada a manta na'urar Wi-Fi ɗin ita ma wuta take ci. Akwai ƙananan batura da aka yi musamman dominta.

Saboda haka wanda ya ware kuɗi, tun farko ya cire kashi ɗaya cikin uku ya ajiye wa batir da abin kare kaya daga tsawa da hauhawar wuta. In abin da ya rage bai isa kyamara huɗu ba, a sayi biyu. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni 2023 farashin waɗannan kaya bai tsaya wuri ɗaya ba, don haka a zagaya shago uku ko huɗu a rana guda a ji ta bakinsu, kada a dogara da abin da wani ya saya bara.

INA HOTON YAKE KWANA?

Kyamara mai 1080p da ke naɗi ba tsayawa takan cinye kamar gigabait 20 a kwana ɗaya. Katin memori mai gigabait 64 ke nan kwana uku zai yi ya fara shafe na baya. Faifan terabait ɗaya da kyamara huɗu a kansa bai wuce kwana 11 ko 12 ba. Wanda zai yi wata guda a gida, in aka shiga ɗakinsa a makon farko, kafin ya dawo hoton ya tafi. Maganin wannan shi ne a saita ta ta riƙa naɗi sai in ta ga motsi, a kuma nemi na'ura mai tsarin H.265, wanda ke rage nauyin hoto da kusan rabi.

Ɓarayin yanzu sun waye, sukan nemi akwatin naɗi su tafi da shi. Wanda ya ɗora nasa a kan talabijin ya ba su kyauta ne. A ɓoye shi a sama ko cikin akwatin ƙarfe mai ramukan shan iska, a bi da kebur ta cikin bututu.

Akwai kuma hasarar da ta fi sata. A watan Fabrairu 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta Badun, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje masu yawa. A irin wannan rana, ko ranar gobara, duk abin da ke cikin shago tare yake ƙonewa da shagon, har da shaidar. Don haka yana da kyau aƙalla kyamara ɗaya ta kasance mai aiko da ɗan gajeren hoto zuwa wayar mai ita da zarar ta ga motsi. Ba a ce a riƙa tura kome da kome ta intanet ba. Wannan zai ci fiye da gigabait 300 a wata ga kyamara guda, ba mai iya wannan. Leƙawa ta minti biyu safe da yamma, da saƙon motsi, ba su cin data mai yawa. A dai tabbata datar ba za ta ƙare ana tsakiyar tafiya ba.

A kasuwa kuwa, araha ba ta ado. Sunayen da aka fi sani su ne Hikvision da Dahua, da ƙananansu Ezviz da Imou, sai Tapo ta kamfanin TP-Link, kuma saboda sanin da aka yi musu ne ake samun jabunsu. A sa mai shago ya jona ta a gaban mai saye, a rufe ta da hannu a ga ko idon darenta yana kamawa, a karɓi rasit mai lambar na'ura. Katin memori na jabu ya fi kome yawa: an rubuta 128 a jiki, cikinsa bai kai 16 ba, zai yi ta nuna yana naɗi alhali ba abin da yake ajiyewa. Kebur ma akwai na jan ƙarfe zalla, akwai na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, wanda iskar gishiri ta bakin teku ke cinyewa. Wadda za a kafa a waje a duba an rubuta IP66 ko IP67 a jikinta, alamar ruwan sama ba ya shigarta.

Abu guda da ba ya cin ko kwabo amma ake sakaci da shi, shi ne lambar sirri. A 2014 wani shafin intanet mai suna Insecam ya baje hotunan dubban kyamarori na gidajen mutane a ƙasashe daban-daban, ba don ya fasa kome ba, sai don masu su ba su canja lambar da kamfani ya sa ba. Da mai haɗawa ya gama aikinsa, maigida ya canja lambar da hannunsa, kuma rajistar ta kasance da lambar wayarsa, ba ta yaron shago ba. In ba haka ba, akwai baƙon da ke kallon iyalinsa duk lokacin da ya ga dama.

HAƘƘIN MAƘWABTA DA NA MAIGADI

Yawancin 'yan Arewa a Kudu haya suke zaune, sau da yawa a gidajen nan masu ɗakuna suna kallon juna, ana tarayya a kicin da makewayi. Kafa kyamara a barandar irin wannan gida ba tare da an sanar da mai gidan da sauran 'yan haya ba, neman fitina ne, balle ga baƙo. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma, ko da yake ta ɗaga wa amfanin cikin gida ƙafa, ta ce muddin bai keta sirrin wani ba. Tun kafin dokar, Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Kyamara ta kalli ƙofar mai ita da hanyar shigowa. Kada ta kalli tagar wani, ko hanyar wanka, ko inda mata ke zama. In aka yi magana da kyau, sau da yawa sai a ga maƙwabta sun ce a yi karo-karo a sa ta a babbar ƙofa kowa ya amfana, kuɗin ma ya yi sauƙi. 'Yan layi ɗaya a kasuwa ma suna iya yin haka ta hannun shugabanninsu.

Su kuma masu aikin gadi, waɗanda 'yan Arewa ne da yawansu daga Ikoyi har Fatakwal, wasu suna ganin kyamara kishiya ce da ta zo karɓe musu abinci. Ba haka abin yake ba. Kyamara ba ta ihu, ba ta hura usur, ba ta tashin unguwa. Shaida ce kawai, sai an yi abu ta faɗi yadda aka yi. Kuma kowa ya san in aka yi sata a gida, maigadi ake fara jefawa a bayan kanta kafin a tambayi kowa. Hoton da ya nuna yana bakin aikinsa a lokacin da wani ya haura ta baya, ko ya nuna ɗan gida ne ya fita da kayan, shi ne lauyan da ba shi da kuɗin ɗauka. Maigadi mai wayo shi zai ba ubangidansa shawarar a sa ɗaya a ƙofa ɗaya a baya.

IDAN ABIN YA FARU

A kwafe hoton nan da nan a ajiye wuri biyu, kada a yanke shi ko a yi masa kwaskwarima, sa'an nan a kai caji ofis. A Ikko ana kiran 112 ko 767 don neman agajin gaggawa. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi irin wannan hoto, amma sai da takardar da ke bayyana na'urar da ta ɗauka da cewa lafiya take aiki. Nan ne agogon na'ura yake da muhimmanci. Akwatin da ya koma nuna wata shekara can baya saboda ɗan batirin cikinsa ya mutu, lauyan wanda ake tuhuma zai yi wasa da shi a gaban alƙali.

Abin da bai kamata ba shi ne a watsa hoton a WhatsApp ko Facebook ana cewa ga ɓarawo. Hoton dare yana da ruɗi, mutane kuma suna kama da juna. Mazauna Kudu ba su bukatar a gaya musu abin da zato ke jawowa: a watan Maris 2025 a garin Uromi na Jihar Edo, taron jama'a ya kashe matafiya 16 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Salla, bisa zargin da ba a kai gaban kowace kotu ba. Wanda ya san zafin wannan bai kamata ya zama sanadin a yi wa ɗan wani haka ba, ko wace ƙabila ce.

Saura kula da kayan. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 ta harkar sadarwar tsaro wadda ta haɗa da kafa kyamarori a Abuja da Ikko, ba a daɗe ba jaridu suka cika da labarin yawancinsu ba su aiki. In na gwamnati sun mutu a tsaye, na ɗan kasuwa ma za su mutu in ba a dubawa. Hasken dare na kyamara yana jawo ƙwari, ƙwari su jawo gizo-gizo, saƙarsa kuma ta rufe gilashi fari fat. Ƙurar hunturu ita ma haka. Sau ɗaya a mako a goge da tsumma mai laushi, a buɗe naɗin jiya a tabbata yana nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin a hau mota, sai maigida ya jira dare ya yi, ya kashe wutar gidan daga mita, ya sa ƙaninsa ko yaron shagonsa ya sa hula ya shigo ta ƙofa da saurin mai gudu. Da safe a buɗe a duba. In an gane fuskarsa, kuma batir ya kai asuba, shiri ya yi. In ba a gane ba, a sauko da kyamarar ƙasa kaɗan ko a matso da ita kusa da ƙofa, a sake gwadawa a daren da ke biye.